Amsata a Kan Zuwan Yayanki Deule

Zuwa ga ɗiyata Salamatu, a likitar ƙauye can ƙasar Deule.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kin sauka lafiya, gajiyar duwatsun hanyar Buza ta sake ki. Allah Ya tsare ki zaune da tsaye, Ya sa albarka a hannun da za ki riƙa taɓa bayinSa da shi, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda ba ki san kowa ba. Amin.

Da hannuna nake rubuta wannan, saboda haka ban da dariya. Karatun manya ne, da furfura na koye shi. In kin ga layi ya hau tudu ki bi shi a hankali, zai sauko. Ban ba kowa ya rubuta mini ba don akwai maganar da ba na so ta bi ta kunnen wani kafin ta iso gare ki.

Salamatu, murna ta hana ni zama! Kwana biyar ke nan da tafiyarki, bakina ya ƙi rufuwa. Jiya sau uku na je rijiya alhali randunana cike suke, don kawai a tambaye ni ke in ba da amsa. Babanku yana ta cewa in rage, shi kuwa na jiyo shi a ƙofar masallaci yana ba mutane labarin farar rigarki ta aiki kamar shi ya ɗinka ta. Ni iyakata matoron, ungozomar ƙauye da aka kai Madawa 'yan kwanaki aka koya mata wanke hannu da sabulu da yanke cibiya da sabuwar reza. Yau ga wadda na haifa an ba ta likita, wato asibitin ƙauye, sukutum, ita ce mai allura, ita ce mai awo. Wallahi kaina ya kumbura, kuma ba ni da niyyar sauke shi bana.

Amma na san ba wannan kike jira ba. Amsar da na riƙe miki a tasha kike jira. Kin ce kina so ki ware rana guda, ranar kasuwa bayan an gama awon jarirai, ta zama ta yaran da Allah Ya jinkirta wa girman hankali irin yayanki, da iyayensu mata. Kina tsaye da ƙafa ɗaya a kan mota kika ce mini, "Inna, in ba ki zaka da Yaya ba, ba mai hiddo nata. Mata ba su bin takarda, ido su ka bi. Ku zaka ranar hwarko su gane shi, ki yi musu magana." Na ce miki mu gani. Na ga fuskarki ta faɗi, mota ta tashi a haka.

Ban ce mu gani don wasa ba. Tsoro nake ji a kafa shi tsakar baƙin mata ana kallo, yaran kasuwa su bi shi da waƙa. Kuma na san in ba mu zo ba za ki shimfiɗa tabarmi ki zauna ke kaɗai, ranar taki ta mutu tun ba ta fara ba. Amsar tana cikin takardar nan. Kada ki yi mini halinki na tsallake zuwa ƙarshe, ki bi ta inda na bi.

Kuskurena na farko, kunya. Yayanki ɗan fari ne, kin san al'adarmu. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ni kuwa na yi wannan kunya har da ƙari, don in ji ana cewa amaryar gidan nan akwai kawaici. Ana yaye shi kakarku Gwamma ta ɗauke shi, shi ya sa har yau Hawa yake ce mini, ita ce Innarsa. To, na ga sa'o'insa sun zauna shi bai zauna ba. Na ga sun yi tafiya yana jan gindi. Na ga sun fara gwaranci shi sai kallo. Duk na gani da wutsiyar ido, ban buɗe baki ba, don wace marar kunya ce za ta ce ɗanta na fari kaza da kaza? Gwamma kuma, Allah Ya jiƙanta, cewa take ƙiba ce ta yi masa nauyi. Ranar da masu allurar rigakafi suka zo garinmu, ɗayansu ya dube shi ya tambaya, "Ina uwar yaron ga?" Ina tsaye a gabansa na juya kai ina kallon garka. Ya sake tambaya, Gwamma ta ce ita ce, lafiyarsa lau. Mutumin ya yi masa lamba a hannu ya wuce na gaba.

Shekara uku na ɓata a haka, ana yaba mini kunya. Saboda haka ga abin da nake so ki riƙe. In mace ta zo miki da ɗan fari ta tsaya tana kallon bango, kada ki ce ba ta damu ba, cikinta yana ci da wuta. Kada ki tambaye ta a gaban uwar mijinta. Ki aiki tsohuwar ta riƙe miki wani abu a waje, ki ja yarinyar gefe ki ce ta nuna miki da hannu abin da yake iya yi da wanda ba ya iyawa, ba sai ta kama suna ba. Ni kam na gaji da wannan kunya, tun da har na koyi rubutu bari in more shi. Sunansa Illiyasu, Illa, ni na haife shi. Ga shi na rubuta, kuma rufin ɗaki bai faɗo mini ba.

Da na farka sai na faɗa wani ramin. Aka ce iska ce, aka ce ɗan ruwa ne, aka ce na tsallake wani abu da cikinsa. Babu inda ban kai shi ba. Hayaƙin da yaron nan ya shaƙa ya isa ya gasa tukwanen gari guda. Daga ƙarshe na goya shi, yana da shekara huɗu ƙafafunsa na dukan cinyoyina, na kai shi wata likita mai nisa. Babban ma'aikacin wurin, wanda ake ce wa majo, ya duba shi da kyau, ya tafa hannu bayan kunnensa, ya ba shi murfin kwalba ya ga yadda zai riƙe. Sa'annan ya ce mini wannan ba ciwo ba ne da allura ke korewa, haka Allah Ya yi shi, zai koyi abubuwa amma a hankali. Ni kuwa allura na zo nema. Na ce a raina wannan rowar magani yake yi. Yana cewa in zauna ya nuna mini wani abu, ni na riga na saɓa goyona na fita ina huci. Har yau ban san abin da bawan Allahn nan ya so ya nuna mini ba, kuma abin yana cina.

Za ki gamu da irina da yawa, masu zuwa da zafin kai su tafi da fushi. Ki gaya musu gaskiya, kada ki yi wa kowa allurar banza don ki faranta mata. Amma kada kalmar "babu magani" ta riga fita daga bakinki, don daga nan kunne yake toshewa. Ki fara da abin da za ta yi gobe da safe, yadda za ta zaunar da shi cikin kwando da tsumma ta tokare bayansa, yadda za ta riƙa yi masa magana tana daka ko bai amsa ba. In ta riƙe wannan a hannu, sa'annan ki faɗi mai ɗacin. Layun da ke wuyan yaro kuma ki bar su inda suke. Ranar da kika yi wa laya dariya, ranar ce ta ƙarshe da za ki ga uwar.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni haushin kaina, don lokacin ba yarinya ba ce ni. Bayan shekarun yunwa ne aka zaɓe ni matoron, aka ba ni akwati da almakashi. Duk ranar da motar awo za ta zo daga Bangi ni ke bi gida gida ina kira, ku fito da yara, ku fito da yara! Muryata har bayan gari. Amma kafin in fita sai na tura Illa ɗaki na ja asabari, na ajiye masa fura, don kada baƙi masu farar riga su ga abin da ke gidan matoron. Wata rana na tsaya a ƙofar Ta-Allah matar maƙeri ina yi mata faɗa ba ta kawo 'yarta awo ba. Ta fito da muciya a hannu ta wanke ni tas. Ta ce, "Ke Hawa, raba ni da hayaniya! Wadda ki ka biɗa lahiyatta lau. Wadda ba ta lahiya tana ɗaka, kuma ba ni hiddo ta sai ranar da kinka hiddo naki." Na so ƙasa ta tsage in shige. Ni da na yanke cibiyar rabin garin nan, ban san Ta-Allah na da 'yar shekara bakwai da ba ta magana ba, don a garin iyayenta ta haife ta, ta shigo da ita a goye, tun daga nan ba ta sake ganin ƙofar gida ba. Da na buɗe ido na bincika, sai ga wasu gidaje biyu ban da namu.

Kin ga ke nan, waɗanda suka zo layin awo ba su ne garin ba. Kada ki zauna bayan tebur ki ce a ƙasar Deule babu irin yaran nan don ba ki gan su ba. Ki shiga gidaje. Ki nemi ruwan sha ko ba ki jin ƙishirwa, ki zauna ki sha a hankali kina duba. Ki dubi kwanonin da aka zuba tuwo ki dubi yaran da ke tsakar gida, in kwano ya fi yara yawa ki ga ɗakin da aka nufa da shi. Kada ki tambaya ranar farko. Ki koma sau biyu, sau uku, har ranar da za a manta a ja asabarin. Ki kama matoron ɗin garuruwan da hannu biyu, ko kin ga sun fi ki surutu sun gaza ki karatu. Mu muka san wadda ta daɗe a kan gwiwa, da jaririn da ya fito bai yi kuka da wuri ba.

Yanzu bari in zo inda ke kika koya mini, don kada ki ce uwarki ba ta yabo. Bayan maganar Ta-Allah na daina rufe shi, amma sai na koma yi masa komai. Ni ke ɗaura masa wando, ni ke wanke masa hannu, yana saurayi ina gutsura masa tuwo. In an tambaye shi abu ni ke amsawa tun bai buɗe baki ba. Ina ganin so ne. Ke kuma kina 'yar shekara tara, bakinki ya fi ki girma, kika ja shi garkar albasar babanku da sanyin nan. Na biyo ku da gudu ina ihu zai faɗa rijiya. Na tarar kin ɗora dutse a bakin kowane fangali, kin ce masa ya zuba wa kowanne ruwa ƙwarya huɗu, in ya gama ya ɗauke dutsen ya jefa cikin kwando, in duwatsu sun ƙare aiki ya ƙare. Ranar farko rabin ruwan a ƙafarsa ya zuba. Na ce ki bar shi ya huta, kika ɗaga mini hanci kika ce, "Inna, ke ka gajiya, shi bai gaji ba." Na so in mare ki, Allah Ya taimake ki ƙwarya na hannunki. Sanyi biyu kika yi kina bin sa. Yau shekara nawa, fangalin Illa ba ya kwana da ƙishi, babanku ma in ya yi ganganci ya tsallake ɗaya Illa ke kamo shi.

Wannan ba sai na ba ki shawara ba, ke ce malamar. Abin da zan ƙara kawai, kada ki yi wa iyayen gaggawa yadda kika yi mini. Uwar da ke yi wa ɗanta komai ba wauta ke damunta ba, ta gaji ne, kuma yi masa ya fi koya masa sauri. Ki ba ta abu ɗaya tak, riƙe ludayi ko ɗaura zariya, ta yi wata tana kai. In ya iya, ki tara matan a yi guɗa kamar an yi haihuwa. Ni ba wanda ya yi mini guɗa ranar da Illa ya fara sa riga da kansa, ni kaɗai na shiga ɗaki na yi rawata.

To, ga amsarki. Kwana huɗu ina juya maganar. In ce mu je, in ce a'a. Na tambayi babanku, ya ce yadda na gani. Na tambayi Ta-Allah, ta ce in ban je ba ita za ta ɗauki tata ta tafi ta bar ni da kunya. Yau da hantsi ina kai wa Illa fura a garka sai abin ya faɗo mini, na tambayi kowa ban da mai tafiyar. Shekara ashirin da bakwai, Salamatu, ban taɓa tambayarsa ko yana son abu ba, sai dai in ce tashi, zauna, ci. Na ajiye ƙwaryar na zauna a bakin fangali. Na ce, "Illa, Salamatu na kiran mu, mu tahi garin da ta ka aiki. Akwai yara can da ba su hita waje, tana so ka gane su, su gane ka. Mutane za su kallon ka, wasu ma su yi dariya. In ba ka so, ba mu zuwa. Mi kac ce?"

Ya ci gaba da zuba ruwa har ya cika huɗu, ya ɗauke dutsensa ya jefa a kwando. Na ciji harshena don kada in amsa masa yadda na saba. Can ya juyo ya ce, "Hawa, su ma da igiya?"

Wannan ce maganar da ban so ta bi ta kunnen kowa ba, ke ma ba ki san ta ba don kina goye a bayana. Daminar da Gwamma ta rasu, yana da shekara shida, ya fara tafiya ke nan kuma ba ya tsayawa. Sau biyu ana tsamo shi a bakin tafki. Ga noma, ga ke a baya, ba mai zama da shi. Sai na riƙa ɗaure masa ƙafa da igiyar akuya a jikin turke, ƙarƙashin rumbu inda ke da inuwa, in ajiye masa ruwa in tafi gona tun safe sai azahar. Damina guda cur na yi haka. Yana kuka in na ɗaura, daga baya ya daina kuka, in ya gan ni da igiyar sai ya miƙo ƙafar da kansa. Duk shekarun nan ina lallashin kaina da cewa bai san an yi ba, ai ba ya riƙe abu. Ashe yana riƙe da shi, ni ce ban taɓa tambaya ba.

Na ce masa, "Wataƙila akwai masu igiya, Illa." Ya dubi ƙafarsa, ya dubi rijiya. Sai ya ce, "To mu tahi. Ni ka zama da su, uwayen su tai gona."

Na yi kuka a gabansa, ban juya kai ba. Na ce ya yafe mini. Ya ce in tashi, na zauna masa a kan albasa.

Saboda haka muna zuwa, ɗiyata, muna zuwa! Ba ni na yanke ba, shi ya yanke. Ranar kasuwa ta biyu bayan takardar nan ta same ki, ki shimfiɗa tabarminki, ki sa a gaya wa matan cewa wata matoron daga ƙasar Bangi za ta zo da ɗanta na fari. Zan tsaya a gabansu in faɗi duk abin da na rubuta miki, har da igiyar. In kika tarar da yaro ɗaure a wani gida kafin mu iso, kada ki zagi uwarsa, rijiya da tafki take tsoro. Ki nemo mata wanda zai zauna da shi. Shi kuma yayanki kada ki kafa shi a tsakiya kina nuna shi da yatsa. Ki ba shi wuri a kan tabarma cikin yaran, abin da ya ce zai zo yi ke nan.

Babanku yana gaishe ki, ya ce ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci ko aiki ya yi yawa. Ta-Allah tana gaisuwa. Illa ya ce in gaya miki ya wanke rigarsa ta salla tun ɗazu, na ce masa da sauran kwanaki, ya ce ya sani. Ki gai da mai garinku da matan da suka karɓe ki. Allah Ya kiyaye ki daga sharrin hanya da na baki, Ya ba ki haƙurin da uwarki ba ta samu da wuri ba, Ya kawo mu gare ki lafiya mu same ki lafiya. Amin.

Ni ce innarki,
Hawa